Kwaɗon Zogalen Sauda

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Mun dawo daga asibiti a Kano, ni da matata Sauda. Shekara shida da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ashe matsalar a jikina take. Likita ta ce ƙwayoyin maniyyina kaɗan ne, kuma ba su da kuzari. Da ta ji sana'ata feshin maganin ciyawa ce, tankin ma yana yoyo a bayana, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce gubar feshi da taba kan ci ƙwayoyin kamar yadda tsatsa ke cin garma. Akwai abin da ke rage tsatsar, antioksidan ta kira shi, yana cikin zogale, tumatir, karas, gwaiba da gyaɗa. Ta rubuta mini magani, ta ce ba alkawari ta yi ba, in dawo bayan wata uku.
Har muka iso garinmu Beli Sauda tagar mota kawai take kallo. Da zagina ta yi da na fi jin sauƙi.

Laraba, 5 ga Yuni
Inna mahaifiyata ta tare ni a zaure, wai me likita ta ce game da yarinyar nan. Bakina ya riga hankalina, na ce cewa aka yi ta riƙa cin zogale kullum. Sauda tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Alhamis, 20 ga Yuni
Na ɗebo ruwan dafa kaina. Kullum da hantsi Inna ke haɗa kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir, ta zauna ta sa Sauda a gaba sai ta ga ta ci. Sauda kuwa ko warinsa ba ta so. Takan yi dabara ta rage rabi, ta rufe da faifai ta kai mini ɗaki. Ni da nake yi wa maza dariya a majalisa cewa kwaɗo abincin mata ne, ga ni ina lashe kwano a bayan ƙofa.

Lahadi, 14 ga Yuli
Kwana arba'in ban taɓa taba ba. Hannuna har yanzu yana lalubar aljihu.

Asabar, 10 ga Agusta
Na sauya tanki, na sayi safar hannu da takunkumi. A kasuwar Rogo abokina Gwadabe ya ce na zama likitan ciyawa. Ya yi ta yi.
Da na dawo na iske Inna ta ƙaro wani jiƙo mai ɗaci daga Karaye, wai zogale kaɗai ba zai isa ba. Na ga Sauda ta runtse ido ta shanye. Shekara shida tana shan ɗacin da nawa ne. Na kasa cin tuwo.

Litinin, 9 ga Satumba
Gwaji na biyu. Likita ta ce ƙwayoyin sun ƙaru, sun kuma fara motsi, amma da sauran tafiya. Alhamdulillahi. A mota Sauda ta yi ta dariya ba dalili, har ta saya mini gwaiba a tasha, wai ga maganin mai gida.

Talata, 10 ga Satumba
Inna ta ajiye kwano gaban Sauda kamar kullum. Ban shirya ba, kawai na zauna a tabarma na jawo shi gabana.
"Inna, wannan nawa ne. Ni aka ce in ci. Sauda lafiyarta ƙalau, tun farko ma."
Na ci har ƙasa Inna tana kallona. Sai ta tashi ta shige ɗakinta.

Juma'a, 13 ga Satumba
Kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Inna. Yau da hantsi na ga tukunyar jiƙon a kife a gindin zogale. Can sai ga ta da kwano biyu. Ta dire mini kwaɗo ba tare da ta dube ni ba, ta ce in cinye kar in rage. Ɗaya kwanon ta miƙa wa Sauda da hannu biyu, fura ce da nono, ta ce, "Sha, 'yata."
Barkonon kwaɗon ne ya yi yawa, shi ya sa idona ya yi ruwa.