A Mayar Mana da Lahadinmu, Alhaji

Zuwa ga Alhaji Sa'idu, shugaban kamfanin manyan motocin da nake yi wa aiki a nan Garwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da duk mutanen gida. Yaya fama da jama'a? Yaya wannan zafi? Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi.

Sunana Yohanna, makanike a garajinka na bakin hanyar Ngawundere. Mutumin duwatsun Mokolo ne ni, Kirista, kuma a wannan garaji gashin kaina ya fara fari. Ka san ni, ko da yake yanzu ba ma haɗuwa. Lokacin da kake ɗan makaranta kana zuwa wurinmu da hutu, a gefen ramin da nake aiki kake zama kana kallo.

Da Hausa na rubuta maka, domin da ita muke magana da mahaifinka, kuma Faransancina na garaji ne, ba zai ɗauki wannan magana ba. Na fito da ita fili ne saboda na nemi ganinka a ofis ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce in bi ta hannun shef, wato shugaban garaji. To, ranka ya daɗe, da shef ɗin nake da magana. Ba tonon asiri na zo yi ba. Hanya ce ta toshe.

Na farko, zancen alkawari.

Ranar da marigayi Alhaji Babba, mahaifinka, ya ɗauke ni aiki, kafin in taɓa sifana na gaya masa cewa ni Kirista ne, kuma ranar Lahadi ta ibada ce da hutu a wurina. Ina jin tsoro a lokacin, don na sha rasa aiki a kan wannan magana. Sai ya dube ni ya ce, wanda ya riƙe amanar Ubangijinsa shi ne zai riƙe tasa, in je cocina. Shi da kansa ya tsara mana: ranar Jumma'a mu Kiristoci mu riƙe garaji, 'yan'uwanmu Musulmi su yi wanka su tafi masallaci su wuni da iyalinsu, ranar Lahadi kuma su riƙe mana. Ba a rubuta a takarda ba. Ba a buƙaci haka ba a zamaninsa. Muka yi shekaru a kan haka, ba motar da ta kwana don rashin mai gyara, ba wanda ya taɓa jin ana gardamar addini a garajinmu. Allah ya jiƙansa.

Na biyu, yadda abin ya lalace.

Bayan rasuwarsa kamfani ya bunƙasa a hannunka, kuma mun yi murna, domin arzikinka inuwarmu ce. Motoci suka ƙaru. Aka samu aikin ɗaukar auduga, da kwaso kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere zuwa arewa. Amma makanikai ba su ƙaru ba. Direbobi suka koma shigowa ranar Asabar da yamma, ana so su tashi Litinin da asuba, sai duk nauyin gyara ya faɗa kan Lahadi. Sabon shef ya tara mu ya ce na ɗan lokaci ne, mu yi haƙuri har kakar auduga ta wuce. Muka yi haƙuri. Kaka ta wuce, damina ta zo ta wuce, wata kakar ta sake zagayowa, Lahadi ba ta dawo ba. Jumma'ar ma aka rage ta, ta koma fitar salla kawai, a sallame a dawo ƙarƙashin mota da rigar masallaci.

Ina so jama'ar da za su karanta wannan wasiƙa su fahimci abu guda: ba Musulmi ne suka hana Kirista zuwa coci ba. Shef ɗin nan shi ma Kirista ne, kuma ranar Lahadi da safe ba a ganinsa a garaji, sai bayan an tashi daga sujada yake zuwa ya duba abin da muka yi. Kada wani ya ɗauki maganata ya hura wutar da ban kunna ba.

Na uku, mahaifiyata.

Da idanunta suka mutu, na sauko da ita daga dutse ta zauna tare da mu a Garwa. Tsohuwa ce da ba ta jin Faransanci, ba ta jin Fillanci, Hausarta ba ta wuce ta cinikin kasuwar Mokolo ba. A cocinmu kuwa da waɗannan harsuna ake wa'azi. Matata Rifkatu 'yar Banyo ce, ba ta jin yarenmu. Saboda haka ni kaɗai ne zan iya zama kusa da ita in riƙa juya mata maganar fasto a kunne. Takan ce mini, ɗana, kai ne kunnena a garin nan.

Kowace Lahadi sai ta yi wanka tun da safe, ta ɗaura zaninta mai kyau, ta zauna a bakin ƙofa. Ni kuwa in fito da kayan aiki masu baƙin mai. Da ta ji warin man a jikina ta san amsa, ba ta ma tambaya. Rifkatu takan riƙe hannunta ta kai ta, ta zauna a cikin jama'a daga farko har ƙarshe ba ta fahimci komai ba sai waƙa. In na dawo da yamma ta tambaye ni me fasto ya ce yau, ni da ban je ba. Kullum ina ce mata mako mai zuwa. Ban yi mata ƙarya da gangan ba, abin da shef yake gaya mini nake kai mata.

Ta rasu a farkon bazarar nan. An ba ni kwanakin makoki, ba zan ɓoye wannan ba, kuma na gode. Daga baya coci ta sa wata Lahadi don a yi addu'ar godiya saboda rayuwarta, 'yan'uwa suka sauko daga Mokolo musamman. Na nemi izini tun da wuri. Shef ya ce motoci sun yi yawa, in tura matata ta wakilce ni. Ranka ya daɗe, ka yi tunanin a ce maka ka tura wakili wurin addu'ar mahaifiyarka, kana cikin gari, ƙafarka lafiya. Na tafi ba da izininsa ba. Ban yi nadama ba.

Na huɗu, abin da ya sami Malam Hamadu.

Malam Hamadu abokin aikina ne tun zamanin mahaifinka, Bafillace, mutum mai natsuwa. Shi ya ce mini in tafi addu'ar mahaifiyata, zai haɗa aikina da nasa. A ranar, da azahar, rana tana tsakiyar ka, yana canza tayar baya ta wata mota mai lodi. Ya ɗaga ta da jak, bai sa katakon tokare ba. Jak ya zame, motar ta sauko a kan ƙafarsa. Yanzu haka yana kwance a asibiti, likitoci ba su tabbatar ko zai sake taka ta kamar da ba.

Washegari na zo aiki, aka miƙa mini takardar gargaɗi, wai na gudu daga bakin aiki. Shef kuma ya faɗa a gaban kowa cewa da ina nan da hakan bai faru ba. Wannan magana ta shige ni. Da na je duba Malam Hamadu na kasa haɗa ido da shi. Shi ya lura, ya kamo hannuna ya ce, "Yohanna, ba kai ka karya ni ba, gajiya ce. Ni na koya wa rabin garajin nan sa katako. Wallahi a tsaye nake gyangyaɗi ranar nan." Ya kuma ce in har zan yi magana, in sa sunansa, kada in ji nauyi. Shi ya sa na sa.

Ka tambayi duk wanda ya san shi: mutum ne da ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya duba tokare ya sake dubawa. Abin da ya mantar da shi ba rashin sani ba ne. Watanni ne jere ba ranar da ya kwana ya tashi bai sa kayan aiki ba. Jiki magayi ne, kuma ya daɗe yana gaya mana, mu duka. Ni kaina na sha ɗaure ƙusa in koma in kwance don ban tuna ko na ɗaure ta daidai ba. Motocin nan da muke gyarawa da idanu rabi a rufe su ne suke gangaro dutsen Ngawundere da lodi, direbobinka a ciki, mutane a kan hanya. In tausayinmu bai isa ba, a duba wannan.

Na biyar, abin da Lahadi take a wurina, don kada a ɗauka lalaci ne.

A bangaskiyarmu, Allah ya ba mutum kwana shida ya yi aikinsa, ya keɓe ɗaya don hutu da sujada. Umarni ne, ba shawara ba, kuma bai tsaya kan mai gida kaɗai ba, ya haɗa da bara da baƙo har da dabbar gida. A kan dutsenmu, ko da shuka ta matso, mahaifina ba ya ɗaukar fartanya ranar Lahadi, kuma ba mu mutu da yunwa ba. A ranar ce nake tuna cewa ba ƙarfin hannuna ne yake riƙe da duniya ba. A ranar ce nake cin abinci tare da 'ya'yana da rana, in ji abin da ke damunsu, in ziyarci marar lafiya. Tun da aka karɓe ta na zama mai saurin fushi a gida, addu'ata ta koma 'yar guntuwa a kan babur. Rifkatu ta taɓa ce mini, cikin wasa amma ba wasa ba, ita da garaji ta san wanda aka aura.

Ban ce ba zan taɓa ƙarfe ranar Lahadi ba ko me ya faru. In mota ta mutu a daji, direba yana cikin haɗari, a kira ni ko daga cikin coci ne, zan tashi. Na yi haka a baya, kuma addinina bai hana ceto ba. Amma juyen baƙin mai da canza tayar da za a iya canzawa ranar Asabar ba ceto ba ne, rashin tsari ne. Shef ya ce zai nemo mana ƙarin kuɗi na aikin Lahadi. Na gode, amma ba na so. Ba ta sayarwa ba ce, don ba tawa ba ce da zan sayar.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. A mayar wa kowane ma'aikaci rana ɗaya cikakkiya a mako, Musulmi Jumma'a, Kirista Lahadi, mu riƙa riƙe wa juna aiki, kuma wannan karon a rubuta a liƙa a bangon garaji. A gyara lokacin shigowar motoci yadda ba za su taru a rana ɗaya ba, ko a ƙaro hannu. A janye takardar gargaɗin da aka ba ni, shef kuma ya janye maganar da ya faɗa a gaban jama'a, a gaban jama'ar. Sannan kamfani ya tsaya wa Malam Hamadu da iyalinsa har ya warke, in ƙafar ba ta koma daidai ba a ba shi aikin da zai iya yi a zaune, domin kansa cike yake da sanin mota. In da hali, ka je ka duba shi da kanka. Zai ji daɗi fiye da yadda kake zato.

Abu na ƙarshe, kuma ina faɗarsa da ladabi, ba da barazana ba. Daga wannan mako ba zan ƙara zuwa aiki ranar Lahadi ba. Na yi shawara da matata, ta san abin da zai iya biyo baya, ta ce ko ƙosai za ta soya mu ci. An gaya mini ƙofa a buɗe take, masu neman aiki sun cika gari. Na sani. Ina da 'ya'ya a makaranta, kuma a shekaruna ba kowane garaji zai karɓe ni ba. Duk da haka na yanke. Ranar Asabar zan yi aiki da duk ƙarfina har a rufe. Ranar Litinin da sassafe zan zo bakin ƙofa da akwatin kayan aikina. In mai gadi ya buɗe mini, zan shiga in yi maka aiki kamar yadda na saba. In an ce kada ya buɗe, zan gaishe shi in juya, ba zan zagi kowa ba. Hukuncin yana hannunka, amma ina so ya fito daga bakinka, bayan ka ji nawa.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare motocinka da direbobinka a kan hanya, ya shirya maka zuriya, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Ni ne ma'aikacinka,
Yohanna, makanike,
Garwa.