Adda Halima, Na Kasa Hukunta Zulai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki a can Gembu. Mu nan Gombe lafiya lau, Baban Walid da yara suna gaishe ki. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a shafina, alhali lambarki na cikin wayata. Shekara biyu ke nan ina buɗe lambar in rufe. A gaban mutane na yi miki laifi, shi ya sa na ga ya dace in yi maganar a gabansu.

Ban sani ba ko kin ji cewa na fara rubuta labari. Idan na taso daga makarantar da nake koyarwa, na sauke tukunya, sai in zauna in rubuta shafi biyu ko uku a waya, in tura wa wani zauren mata. Labarin 'yan'uwa biyu ne, Binta da Zulai. Binta ba ta taɓa tsallake maganar manya ba, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Zulai kuwa dariyarta har waje ake ji, tana hawa babur, ta ajiye aikin gwamnati ta bi ma'aikatan dabbobi ruga-ruga tana yi wa shanu allura. Ba sai na faɗa miki inda na samo ta ba. Ko tabon da ke haɓarki ban bari ba, na ba ta shi.

Tun daga shafin farko na san ƙarshen da na tanadar mata. A babi na arba'in za ta dawo gida a rame, ba lafiya, ta durƙusa gaban Binta tana kuka. Masu karatu ma abin da suke jira ke nan. Kullum sai an rubuto min: Anti Mairo, yaushe Zulai za ta ga sakayya?

Sau uku na zauna rubuta babin. Na iya kwatanta ramarta, na iya kwatanta ƙurar da ke ƙafarta. Amma da na zo inda za ta buɗe baki ta ce ta yi nadama, sai hannuna ya tsaya. Duk abin da na sa a bakinta, ina karantawa sai in ji ba muryarta ba ce.

Kin tuna Maman Ngozi, telar da ke bakin layinmu na Shamaki? Tana cikin zauren, ba ta bari babi ya wuce ta. Na kai mata ɗinkin yara ranar wata Asabar, ko ɗagowa daga keken ba ta yi ba ta ce min, "Mairo, wannan Bintar taki kuwa ta taɓa yin dariya?"

Na koma gida na bi babi talatin da tara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa ba, Adda. Ta yi shara, ta yi jinya, ta yi haƙuri. Amma a kowane shafi tana waiwaye ta ga ko an lura da haƙurinta. Na daɗe zaune a kan tabarma ranar, har aka kira la'asar ban motsa ba.

Ba zan ce Binta ba ta da gaskiya ba. Wata goma sha ɗaya Inna ta yi a kwance. Ni na juya ta, ni na wanke zannuwa, ni na san ƙwayar safe da ta yamma. Ke sau uku kika zo, kowane zuwa kwana huɗu. Idan kowa ya bi hanyar da ransa ke so, dole a samu wanda zai tsaya da bokiti a hannu, kuma ni ce na tsaya. Wannan har yau bai daina yi min ciwo ba, ba zan ɓoye miki ba.

Amma akwai zuwanki na ƙarshe. Na tafi makaranta, na dawo na tarar da ɗakin Inna wayam. Ashe kin samo mota, kin naɗe ta da bargo, kin kai ta dam ɗin Dadin Kowa ta ga ruwa, bayan likita ya ce kada ta motsa. Da kuka dawo, a tsakar gida na tare ki da faɗa. Ke kuwa sai kika kwance soyayyen kifin da kika sayo kika zuba wa yara.

Washegari bayan kin kama hanya, ina shafa wa Inna man zafi a ƙafa, ta ce min, "Rabona da in ga ruwa mai yawa haka tun ina budurwa. Ki faɗa wa Halima na gode." Ta sake nanatawa kafin in fita da kwano.

Ban faɗa miki ba. Sati uku bayan nan ta rasu. Ranar uku, gaban su Goggo da matan unguwa, kin miƙa hannu kin ɗauki carbinta, na ce miki ke baƙuwa ce a gidan nan. Kika mayar da carbin inda yake, kika ɗauki jakarki. Saƙon Inna yana bakina a lokacin, na haɗiye shi, don ina ganin ni na cancanci godiyar. To ga shi na isar yau, a makare. Ta gode miki, har sau biyu.

Babin na arba'in na tura shi makon jiya. Zulai ta dawo da ƙafarta, lafiyarta ƙalau, ta yi sallama a ƙofar gida, Binta ta fito. A nan na tsaya. Wasu sun ji haushi, wata ta ce na lalata tarbiyyar labarin, wasu sun fice daga zauren. Ban ga laifinsu ba, ni na yi musu alkawarin hukunci tun farko.

Ki yafe min, Addata. Ba na neman ki zama ni, ni ma ba zan iya zama ke ba, ko babur ɗin Baban Walid tsoron hawansa nake yi. Amma an ba mu hutun makaranta, kuma na nemi izinin Baban Walid ya ba ni. Ranar Asabar zan shiga motar Jalingo, daga can in nemi ta Gembu. Kin san ban taɓa wuce Bauchi ba a rayuwata. An ce hanyar Gembu hawan dutse ce mai juya kai, an ce sanyin wurin ba irin namu ba ne. Idan kin ga wannan, ki faɗa min irin rigar sanyin da zan saya. Idan ba ki amsa ba ma zan taho da wadda na samu.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya shayar da ita daga ƙoramun Aljanna. Ya tsare min ke a duk rugar da kika shiga, Ya sa in same ki a gida.

Ƙanwarki,
Mairo
Federal Low-Cost, Gombe