Ruwan da Na Yayyafa wa Ƙasar Wata

Maigidana Deming,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mama. Yaya ƙafar tata? Kada ka je tasha tarbata ranar Asabar, an kulle mu.

Ka san yadda muke gwada kumbon da zai sauke mutum biyu a kan wata. A rataye shi jikin hasumiya, igiyoyi su ɗauke yawancin nauyinsa, ya sauko sannu kan tokar dutsen da muka shimfiɗa a madadin ƙasar wata. Ranar Litinin ƙafarsa guda ta burma, ya kife. Dokar aikinmu kuwa, in abu ya lalace ba mai fita ƙofa sai an tono tushensa. Mu arba'in, an karɓe wayoyinmu, kullum taro da miyar kabeji.

Taka,
Yunxia

Deming nawa,

Ina gaishe ku, da fatan sanyi bai taɓa Mama ba. Yau kwana goma sha tara da kulle mu. An kwance ƙafar kumbon nan har ƙusa, ba a ga laifinta ba. Ba kuwa za a gani ba, don laifin nawa ne.

Tokar nan dole ta zama busasshiya ƙamas, tunda wata ba ruwa. Amma masu share ta tari suke kamar ƙirjinsu zai tsage, sai na sa aka yayyafa mata ruwa kaɗan. Samanta ya daskare, ƙasanta ya zauna ruɓus. Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, shekara goma sha ɗaya da na yi a aikin nan sun tafi.

Jiya Tsoho Pang, abokin aikina, ya turo min kwanon miyarsa ya ce, "Cinye, ƙanwata, ni ta fita raina. Jibi ake ɗaura auren 'yata, ga ubanta nan yana gadin toka." Har da dariyarsa. Wallahi kunya ta rufe ni.

Taka,
Yunxia

Deming,

Gaisuwa da fatan alheri. Na faɗi gaskiya yau da safe, gaban kowa. Da la'asar aka buɗe ƙofa, Pang ya samu jirgin ƙasa na ƙarshe. Bai dube ni ba da zai fita.

Mai laifi shi ke zama ya rubuta rahoto, don haka saura ni kaɗai. Ka ce wa Mama aiki ne ya yi yawa. Sauran, ni zan gaya mata da bakina.

Matarka,
Qiao Yunxia