Tsoho Mai Sanƙo a Cikin Mashin ɗin Jikana

Zuwa ga Shugaban masu gyaran babur na Birnin Kudu da Gwaram.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da duk masu baƙin hannu da ke ƙarƙashinka.

Kafin in kawo ƙara, kai da mai karatu ku cinko mini wannan: wani tsoho mai sanƙo ya shige ɗaki ya ƙi fita. An ja shi, an doke shi, ko gezau, sai da aka sa masa hula. Masu cewa mijina marigayi Malam ne, ku ji tsoron Allah.

Na farko, ƙarata. Likitan ido a Birnin Kudu ya sa mini ranar cire yana, ya ce in na kuskure sai bayan damina, ga shi ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana bin sa. Ƙafata kuwa ita ce mashin ɗin jikana Sabi'u, angona da ko turmin atamfa bai taɓa saya mini ba. Ana jibi aikin ido mashin ya fara ihu ba tafiya. Sabi'u ya kai shi wurin wani yaronka a Gwaram, ba zan faɗi suna ba, uwarsa ƙawata ce. Yaron ya ɗauko sifanar da ta fi notin murfin kuloci girma, ya yi ta murɗa har kan notin ya cinye ya koma sumul. Ya bi shi da guduma. Da ya gaji sai ya ce a fasa murfin, a jira sabo daga Kano. Ranka ya daɗe, ko ni ba na tuƙa tuwon gidan biki da ludayi.

Na biyu, godiya, kuma ita ta fi yawa. Washegari muka loda mashin a motar hatsi, ni ma aka loda ni, sai rumfar Malam Ɗanlami a Birnin Kudu. Bai zagi aikin kowa ba. Ya samo wani ɗan noti mai rami, ya kifa a kan wancan, aka ɗiga masa walda. Da ya huce, ya sa sifana daidai wuyansa, ya murɗa a hankali, sai ga shi ya fito kamar an yi masa sallama.

Ya zare farantan kuloci, ya sa mini ɗaya a hannu tunda ba na gani. Santsi kamar dasashina, ga ƙaurin ƙuna. Ya ce farantai sun gama aiki, amma gidansu lafiya lau, kada kowa ya sa mu saye shi. Sannan ya tambayi Sabi'u ko ƙwai yake dako, don wannan cin na mai tafe da hannu a kan kuloci ne, yana lallaɓa mashin a kowane rami. Sabi'u ya sunkuyar da kai. Na ce Malam, ni ce ƙwan. Ashe duk tsiyar da nake yi masa cewa jaki ya fi shi sauri, ƙashin bayana yake tattali.

Malam Ɗanlami ya sa sababbin farantai, mashin ya miƙe. An yi aikin ido a ranarsa. Da wannan idon nake rubuta maka, da hannun da na koya a ajin yaƙi da jahilci.

Na uku, roƙo. Ka ja kunnen yaranka, kowane noti da sifanarsa, wanda abu ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. Ka ambaci Malam Ɗanlami a taronku. A kuma ajiye benci a rumfuna, a kan tsohuwar taya na yini.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare hannuwanku, ya ba angona mata mai haƙurin ganina a bayan mashin.

Wassalam.
Inna Tabawa, Sara.

Tsohon nan notin murfin kuloci ne. Yana ƙulle a bakin zanina, da hularsa.