Injin Fatsar da Bai Taɓa Ruwa Ba

Zuwa ga maigidana, Abban Sumayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka na Baƙi'a. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma tun da ka tafi babu wanda nake yi wa mita, kuma ka san ni, in ban yi mita ba ciwon kai ke kama ni.

Takaba ta kusa ƙarewa. Mutanen asibitinku sun yi mana kirki, sun bar mu a gidan nan na unguwar Bani Harisa har Sumayya ta gama jarrabawa. Sai dai iƙamarmu, wato takardar izinin zama, a jikin taka take, kai kuma ka tafi. An ce da zarar na fita takaba za a buga mana huruj, hatimin barin ƙasa, mu koma gida Yawuri. Ni ban ƙi ba, can aka binne cibiyata. 'Yarka ce ta kafe.

Ka san yarinyar nan a Madina ta buɗe ido, shekarunta goma sha shida, Yawuri kuwa sau biyu ta taka, duka biyun da zazzaɓi ta dawo. Ranar da na yi mata maganar tafiya ko kallona ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Ma abgha, Ummi. Abuya hina." Wato ba ta so, ubanta yana nan. Duk Juma'a takan bi maƙwabciyarmu zuwa Harami, ta tsaya jikin katangar maƙabarta tana leƙe, tunda mata ba sa shiga. Ba ta san wane tudun ƙasa ne naka ba, ni ma ban sani ba. Ta daina cin abinci sosai. Na ji tsoro ƙwarai, har na fara ɓoye mabuɗin ƙofar waje, don ina jin wata rana za ta fita ta ƙi dawowa.

To, a nan ne injin fatsarka ya shigo maganar.

Ka tuna shekarar da ka je taron likitoci a Ingila? Na ba ka sautun injin ɗinki. Ka dawo kana washe baki, ka buɗe wata 'yar jakar fata, ka fito da wani ɗan ƙarfe kewayayye kamar murfin tukunyar shayi, da sanda doguwa mai haɗe-haɗe. Ka ce wannan shi ke naɗe zaren fatsa. Da na matsa maka ka faɗi kuɗinsa, sai da na zauna a ƙasa. Na ce Likita, a garin da ko kududdufi babu? Ka ce, "Hajiya, abu mai kyau sau ɗaya ake sayensa." Na yi kwana da kwanaki ina ajiye maka abinci ba tare da na ce ga shi ba.

Ka yi ta ƙoƙarin fahimtar da ni inda tsadar take. Ka ce mai araha in babban kifi ya fizga, cijewa yake yi, zare ya tsinke. Wannan kuwa yana da birki mai laushi, yana sakar wa kifi zare a hankali har ya gaji. Ka riƙa juya shi kusa da kunnena wai in ji ƙararsa. Ni dai abin da na ji shi ne ƙarar injin ɗinkina yana tafiya.

Abin da ya fi ba ni haushi, ko Yanbu muka je shan iska ranar Alhamis, ba ka yarda ya kusanci teku. Wai gishiri zai cinye shi, na ruwan daɗi ne. Ka ce kana ajiye shi sai ka yi ritaya, ka tsaya a bakin kogin Kwara inda ka yi wanka kana yaro, ka kama tsage da shi. Mutane in alhazai za su zo daga gida, kuka da daddawa suke saƙo. Kai gashin zabo ka ce a kawo maka, ka zauna kana ɗaura shi a ƙugiya da zare, wai ƙudan ƙarya ne da kifi zai ɗauka na gaske. Har yau matar ƙanenka tana jin magani ka haɗa da shi.

Sai kuma hawa saman bene. Bayan La'asar, in rana ta yi sanyi, ka cire ƙugiya ka ɗaura ɗan ulu a bakin zaren, ka ajiye faranti a can ƙarshen soro, kana wurgawa kana ja. Babban likita guda, da zani da singileti, yana kamun kifi a kan siminti. Sumayya tana 'yar shekara takwas ta fara binka. Katangar saman ta fi tsayin mutum, babu mai ganinta, ba abaya ba mayafi. Ina shanya ina jin ka kana ce mata, "Kada ki yi da ƙarfi, bar zaren ya miƙe tukuna." Kafin ta kai sha biyu ta fi ka saitin farantin, kai kuma kana ta musu.

Bayan rasuwarka Yaya Sule, babban yayanku, ya bugo waya daga Yawuri, ya ce in sayar da duk wani tarkace, in rage kaya. Gaskiya ya faɗa. Na haɗa injin da sandar cikin abin da za a kai kasuwar gwanjo. Da yamma na neme su na rasa. Na hau sama, sai na tarar da 'yarka tsaye, ta ajiye farantin a wurinsa, tana wurgawa tana hawaye. Ashe tun ranar sadakar uku take hawa ban sani ba.

Ban shirya abin da na faɗa ba, fitowa ya yi kawai. Na ce mata abin nan fa bai taɓa shiga ruwa ba, kuma ubanki don Kwara ya saye shi. Na ce in mun je, ke za ki tsaya inda ya so ya tsaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Wallah, Ummi?" Na ce wallahi. A ranar ta ci tuwo ta ƙara. Washegari da kanta ta jawo akwati ta fara jera littattafanta.

Ga shi nan, Likita. Shekara da shekaru ina cewa ka yi asara, har gobe kuma ina nan a kan cewa ya yi tsada. Amma abin da lallashina da wa'azin maƙwabta suka kasa, ɗan ƙarfen nan ya yi shi. Da kana nan da ka ishe ni da dariya.

Sai dai tun ranar hankalina bai kwanta ba, saboda na rantse a kan abin da ba a hannuna yake ba. Kai ka san Yawuri. Bakin kogi ba saman bene ba ne, babu katanga. Sarkawa masunta na nan da jiragensu, mata na wanki, samari na zaune a gindin bishiya ba aikin fari ba na baƙi. Budurwa 'yar gidanku, mai Hausa a karkace, ta tsaya tana wulwula sanda da gashin zabo? Kafin Magariba an yi mata waƙa. Yaya Sule mutumin kirki ne, amma a gidansa za mu sauka, kuma ka san ba zai lamunta ba. In ya hana, yarinyar nan za ta ce na yaudare ta na raba ta da kabarin ubanta. Na riga na rasa ka, ba zan iya rasa ta tana zaune a gabana ba.

Na yi ta juya abin, ban ga wata dabara ba sai guda ɗaya. Makon jiya na ce mata ta koya mini. Ta zaro ido, ta ga ba wasa nake ba. Yanzu kullum bayan La'asar matarka ce a sama, da kayan takaba, tana wurga ulu. Kafaɗata kamar ta cire. Zaren ya naɗe mini a wuya, ya naɗe a igiyar shanya, farantin kuwa ko kusa ban kai ba. 'Yarka ba ta da haƙurinka, tsawa take yi mini da Larabci. Jiya ta yi dariya har ta durƙusa, karo na farko tun da aka fita da kai.

Na yanke shawara ni zan fara sauka bakin kogin, a gaban kowa, ita tana bayana. Ni uwa ce, kuma gwauruwa, Yaya Sule zai ji nauyin ya kore ni a bainar jama'a. In waƙa za a yi, a fara da ni. Ban sani ba ko zan iya in ranar ta zo, domin ko yanzu da nake rubutawa gabana faɗuwa yake yi. Ka bar ni da aiki, bawan Allah.

Ya Allah Ka jiƙan wannan bawa naKa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ka sanyaya zuciyar marainiyarsa a ƙasar da ba ta sani ba. Ni kuma Ka ba ni ƙarfin ƙafa, kada in ji kunya a gabanta. Amin.

Taka har kullum, mai mita,
Maman Sumayya