Ba Ƙwaina Ba Ne

Takur, Dutse
Maris, 2001

Yaya Muntaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti Luba, da fatan aikin ruwa a Kano yana tafiya lafiya.

Yaya, ina cikin tashin hankali. Teburin shayina yana dab da murfin bututun ƙazanta na gidajen ma'aikata, kuma tun shigowar zafi wurin warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Masu shan shayi sun ce ƙwaina ne, sun gudu. Dubagari ya ce in warin bai tafi ba zuwa ƙarshen wata, zai ɗage teburin. Wallahi kullum sabon ƙwai nake sarowa daga Kiyawa. Ka taimake ni.

Ƙaninka,
Kamilu

Kamilu,

Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka. A jikin bututun akwai yauƙi cike da ƙananan halittu, su ke fitar da iskar nan. Maganinta ƙarfe. Na rubuta wa Injiniya Zailani mai kula da gidajen. Kada ka kuskura ka leƙa ramin, iskar tana kisa.

Ka gaida Inna.
Muntaka

Yaya,

Bayan gaisuwa, na bi maganarka. Na zuba tsofaffin ƙusoshi da kacar keke ta kafar murfin. Wari yana nan daram, ga shi Injiniya ya zo ya wanke ni tas, wai zan toshe masa bututu.

Kamilu

Kamilu,

Kai dai ba ka da dama! Wa ya ce ƙusa? Gishirin ƙarfe ne, narkakke, ana ɗiga shi daga farkon bututun. Shi ke kama iskar, ya kuma kassara yauƙin. Ruwan zai koma baƙi ƙirin, kada ka tsorata, alamar aiki ce. Amma yauƙin ba mutuwa yake ba. In aka daina ɗigawa zai farfaɗo, don haka ka lallaɓa Injiniya, ka ba shi haƙuri.

Yayanka,
Muntaka

Yaya,

Alhamdu lillahi! Injiniya ya haƙura, ya fara ɗiga gishirin. Jiya Dubagari ya zo, Injiniya ya ɗaga masa murfin. Da na hango baƙin ruwan gabana ya faɗi, duk da ka faɗa mini. Dubagari ya daɗe yana sansana iska, sai ya jawo benci ya zauna, ya ce in soya masa ƙwai.

Na fasa, na soya masa. Ya cinye, ya suɗe faranti da burodi.

Allah ya saka da alheri.
Kamilu