Kukan da Ba Ni Ji

Zuwa ga ɗiyata Radiyya,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lahiya, ke da innarki da ƙannenki. Ya garinmu Tozai? Gero ya yi kyau bana?

Ina nan Riyad lahiya lau, sai gajiya. Har yanzu ina tuƙa wa Balaraben nan bas ɗin da ya mai da gida, har da gado a ciki. Ya sa wa kowace taya wani ɗan murfi a bakin iska. In iska ta ragu ko taya ta yi zafi, sai wata na'ura a gabana ta yi kuka. Ni da na saba auna taya da shuri, yau mota ke koya mani aiki.

To, ke kaɗai za ni gaya wa: kukan nan ba ni jin shi. Kunnena ya riga ni yin ritaya. Rannan tana ta kuka ina ta tuƙi, har maigida ya taso daga gado ya dafa ni. Na ce tasbihi ya ɗauke mani hankali. In ya gane, za shi sallame ni. Yanzu ido ɗaya na hanya, ɗaya na kan na'urar.

Shi ya sa na daina kiran waya, ba hushi ba ne. In innarki ta matsa sai na kira, ki zauna kusa da ita. Duk inda na yi dariya ba wurin dariya ba, ke ma ki yi.

Allah shi yi maki albarka.

Babanki,
Sodangi